Fashin baƙi: Me ya sa finafinan samurai ke raba kan masu kallo?

Me ya sa mutum biyu za su kalli fim ɗaya, wannan ya tashi idanunsa sun kaɗa sun yi ja saboda tausayi, wancan kuma ya tashi yana tsaki yana cewa an yi wa tarihi ƙarya? Tambayar ta sake tasowa tun watan Satumban 2024, lokacin da fim mai dogon zango Shogun ya kwashe kyaututtukan Emmy 18, wato manyan lambobin yabo na shirye-shiryen talabijin a Amurka, adadin da babu wani shiri da ya taɓa samu a zango guda. Wannan nasara ta tono tsohuwar gardama a kan The Last Samurai, wanda ya fito a 2003, Tom Cruise na jan ragamarsa a matsayin sojan Amurka da ya shiga cikin samurai 'yan tawaye a Japan. Wasu na ganin finafinan girmamawa ne ga al'adar Japan. Wasu na ganin Hollywood ce kawai ta ari kayan mutane ta sanya wa ɗanta. Su kuma Japanawan da ake ta da jijiyar wuya dominsu, ra'ayinsu ya saɓa wa abin da ɓangarorin biyu suka zata.

Ni dai a ganina, hayaniyar da ake yi a kan ko ya dace Bature ya zama tauraro ta danne wata tambaya da ta fi ta nauyi: shin rikicin da ake nunawa na al'adar Gabas da ta Yamma ne, ko kuwa rigimar cikin gida ce a kan mulki da abinci?

Su wane ne samurai?

Samurai ajin mayaƙa ne da ake gada daga uba zuwa ɗa. Akasarinsu na ƙarƙashin wani sarkin yanki da ake kira daimyo, su kuma sarakunan yanki suna ƙarƙashin shogun, wato babban kwamandan soja da ke riƙe da ainihin mulki, yayin da Sarkin Japan ke zaune a Kyoto da daraja amma babu iko. Gidan Tokugawa ya riƙe muƙamin shogun daga 1603 zuwa ƙarshen shekarun 1860. A wancan zamani samurai da iyalansu ba su wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na al'umma ba. Su ne ke da izinin rataya takubba biyu, kuma a bisa doka suna iya sare talaka idan ya ci musu mutunci, duk da cewa akwai sharuɗɗa da bincike a bayan haka.

Abin da fim ba ya son nunawa shi ne, sama da shekara 200 na mulkin Tokugawa zaman lafiya ne. Mafi yawan samurai na wannan lokaci ba su taɓa shiga filin daga ba. Ma'aikatan ofis ne, masu lissafin haraji, masu tsaron rumbu da ƙofar fada. Albashinsu shinkafa ce da ake karɓa daga manoma a matsayin haraji, kuma da yawa daga cikin ƙananansu bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu.

Batun cewa samurai na ƙyamar bindiga kuwa, babu shi a tarihi kamar yadda ake nunawa. 'Yan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, maƙeran Japan suka kwaikwaye ta cikin ɗan lokaci, kuma a yaƙin Nagashino na 1575 rundunar Oda Nobunaga da ta abokin ƙawancensa sun yi amfani da ita sosai wajen murƙushe dakarun gidan Takeda. Wato shekara 300 kafin zamanin da fim ɗin Tom Cruise yake magana a kai, samurai sun riga sun san warin albarushi.

Abin da ya faru a 1877 da abin da fim ya nuna

A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a bakin tekun Edo, wato Tokyo ta yau, suka nemi a buɗe musu tashoshi. Gwamnatin shogun ta ga babu sarki sai Allah ta sa hannu a yarjejeniya a 1854. Wannan kunya ce ta zama silar faɗuwarta. Waɗanda suka kifar da ita a 1868 da sunan matashin Sarki Meiji samurai ne, akasarinsu daga yankunan Satsuma da Choshu, kuma su ne suka juyo suka rushe ajin da suka fito daga cikinsa. A 1871 aka soke yankunan sarakuna. A 1873 aka kafa dokar ɗaukar soja daga kowane aji, ɗan manomi ya samu bindiga da kaki. A 1876 aka hana rataya takobi, aka kuma mayar da albashin gado zuwa takardun lamuni na gwamnati, waɗanda ga ƙaramin samurai ba su isa cefane ba.

A nan ne Saigo Takamori ya shigo, mutumin da aka gina halin Katsumoto, jagoran samurai 'yan tawaye a The Last Samurai, a kansa. Saigo ba baƙon zamani ba ne. Yana cikin manyan da suka kafa sabuwar gwamnati, har ya kai muƙamin janar a sabuwar rundunar. Ya ajiye aiki a 1873 bayan an ƙi shawararsa a kan tunkarar Koriya, ya koma garinsu Kagoshima. A farkon 1877 almajiransa suka yi tawaye, shi kuma ya shige musu gaba. Sun fita da bindigogi da igwa, suka yi wa ganuwar Kumamoto ƙawanya amma suka kasa cinta. Takobi ya yi yawa a hannunsu ne daga baya, da harsashi ya ƙare. A ranar 24 ga Satumban 1877, a kan tudun Shiroyama, 'yan ɗaruruwan da suka rage suka fuskanci dakarun gwamnati kimanin dubu 30, Saigo ya mutu a wurin.

A duba waɗanda ke ɗaya ɓangaren. Okubo Toshimichi, mai faɗa a ji a gwamnatin, abokin Saigo ne tun suna yara a Kagoshima. Ƙanin Saigo, Tsugumichi, bai bar gwamnati ba. Har rundunar 'yan sanda masu takobi gwamnati ta tura, kuma tsofaffin samurai ne. Faɗan 'yan gida ɗaya ne, kowa na cewa shi ne mai biyayya ga Sarki.

Shi kuwa kyaftin ɗin Amurka na cikin fim, Nathan Algren, ƙirƙira ce. Faransawa ne suka horar da sojojin ƙasa na Japan a wancan lokaci, Jamusawa suka biyo baya, Ingilishi kuma suka kula da sojan ruwa. Baturen da ya yi yaƙi tare da samurai da gaske shi ne Jules Brunet, hafsan Faransa, kuma a wani yaƙin ne daban, na 1868 zuwa 1869, a ɓangaren magoya bayan shogun. Ya koma ƙasarsu da ransa.

Duk wanda ya kalli fim ɗin ba zai manta da ƙarshensa ba: mahaya cikin sulke sun zaro takubba sun sako dawakai a guje, bindigogi masu jigida suna zubar da su kamar ana girbi, sannan ƙaramin hafsan gwamnati ya tsayar da wuta da kansa, sojoji suka cire huluna suka durƙusa. Bahaushen da ya san labarin 1903, na mahayan Sakkwato a gaban bindigar Maxim da abin da ya biyo baya a Burmi, dole zuciyarsa ta motsa, kuma nan take zai san ɓangaren da yake. Sai dai a nan ne kuskuren fahimta yake shigowa. A Sakkwato baƙo ne ya zo cin ƙasa. A Shiroyama babu ɗan mulkin mallaka ko ɗaya. Gwamnatin ƙasar ce ke harbi, kuma dalilinta na gina wannan runduna shi ne kada abin da ya samu Sin a hannun Turawa ya same ta.

Masu suka: Bature a tsakiyar labarin wasu

Babban ƙorafin masu suka, musamman a Amurka da Turai da kuma tsakanin 'yan asalin Asiya mazauna can, shi ne salon da ake kira na farin mai ceto. Baƙo ya zo bai san komai ba, cikin damina da rani ɗaya ya iya yare, ya iya takobi har yana kunnen doki da waɗanda aka haifa da shi, matar mutumin da ya kashe ta kamu da sonsa, kowa ya mutu shi ya rayu, a ƙarshe shi ne ke tsaye gaban Sarki yana tuna masa da asalinsa. Suna cewa wannan raini ne da aka lulluɓe da yabo.

Masu kare fim ɗin na amsa cewa Algren bai ceci kowa ba, an ci su da yaƙi, hasali ma shi aka ceta daga giya da mugun tunanin kisan 'yan asalin Amurka da ya sa hannu a ciki. Wannan amsa na da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kashe maganar ba. Ko ya ceta ko an cece shi, warakarsa ce ginshiƙin labarin, mutuwar ɗaruruwan mutane ta zama maganin ciwon zuciyar baƙo ɗaya.

Akwai kuma hujjar kasuwa da ba a cika faɗa a fili ba. Fim ne da aka kashe wa sama da dala miliyan 100, kuma a 2003 babu kamfanin Hollywood da zai zuba irin wannan kuɗi ba tare da fuskar da duniya ta sani ba. Masu wannan ra'ayi na cewa ba don Tom Cruise ba, da duniya ba ta san Ken Watanabe ba, wanda rawar Katsumoto ta kai shi takarar kyautar Oscar.

To me ya sa Japanawa suka cika gidajen sinima?

Nan ne lissafin masu suka ya ɗan rikice. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 450 a duniya, kuma abin da ya samu a Japan ya zarce abin da ya samu a Amurka, ƙasar da ta ninka Japan yawan jama'a fiye da sau biyu. Ba don Japanawa ba su ga kurakuran ba. Labarin Saigo kowane ɗan makaranta ya san shi, kuma idon ɗan ƙasa ba zai kasa gane cewa itatuwa da tsaunukan da ke bayan ƙauyen na New Zealand ne ba, inda aka ɗauki mafi yawan fim ɗin.

Dalili na farko, an saba ganin Hollywood na nuna Bajapane a matsayin mugun soja ko abin dariya, wani lokaci ma a ba wanda ba Bajapane ba rawar. Ga fim da ya ɗauko manyan 'yan wasansu na gida, ya bar su suna magana da harshensu cikin mutunci. Na biyu, Japan na cikin dogon matsin tattalin arziki tun farkon shekarun 1990, kuma mutumin da ke cikin wannan hali yana jin daɗi idan na waje ya ce masa yana da abin alfahari. Na uku, Japanawa da kansu sun daɗe da mayar da Saigo gwarzo. Gwamnatin da ta yaƙe shi ta yafe masa a 1889, kuma a 1898 aka kafa mutum-mutuminsa a lambun Ueno da ke Tokyo. Wanda ya je wurin zai ga ƙaton mutum cikin riga mara ado irin ta zaman gida, ƙafa a takalmin igiya, yana riƙe da igiyar karensa. Babu sulke, babu kakin janar. An zaɓi a tuna da shi a matsayin mutumin kirki mai sauƙin kai, aka ajiye batun tawaye gefe. Ashe gyaran labarin a gida aka fara shi, Hollywood ta zo ta tarar.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kai musu suna karɓa. A 2013 an yi 47 Ronin da Keanu Reeves, aka ɗauki labarin da Japanawa ke ji da shi aka cusa masa dodanni da mayu. Ya faɗi warwas, har a Japan ɗin.

Yadda Japanawa ke nuna samurai a nasu finafinan

Kalmar da ke yawo a duk wannan muhawara ita ce bushido, wato tafarkin mayaƙi: biyayya, jarumta, fifita mutuwa a kan kunya. Mutane da yawa na ɗauka wani tsohon kundi ne da kowane samurai ya haddace. Littafin da ya yaɗa ta a duniya kuwa Nitobe Inazo ne ya rubuta shi, Bajapane Kirista, da Turanci, aka buga shi a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, bayan an riga an rushe ajin samurai. Ya rubuta ne don Turawa su ga cewa Japan ma tana da tarbiyya. Daga baya gwamnatin soja ta shekarun 1930 da 1940 ta ɗauki wannan aƙida ta cusa wa matasa, aka hana su miƙa wuya a fagen yaƙi, dubban ɗaruruwa suka halaka.

Wannan tabo ne ya sa manyan masu shirya fim na Japan bayan 1945 ba su yi wa samurai kallon waliyyai ba. A Seven Samurai na Kurosawa Akira, 1954, mayaƙan mayunwata ne da manoma suka ɗauka haya da shinkafa, kuma a ciki akwai wanda ya fito fili ya gaya musu cewa samurai ne suka mayar da manomi maƙaryaci mai ɓoye abinci, saboda ƙona ƙauyuka da kwashe amfanin gona. Harakiri na Kobayashi Masaki, 1962, ya nuna yadda babban gida ke fakewa da mutunci yana zaluntar matalauci. A The Twilight Samurai na Yamada Yoji, 2002, tauraron ƙaramin akawun rumbu ne da matarsa ta rasu, yana saƙa kejin ƙwari da dare don ƙarin kuɗin cefane, rigarsa a yage, har takobinsa ya sayar don ya yi wa matar jana'iza. Wanda ya taka wannan rawa shi ne Sanada Hiroyuki, kuma bayan shekara ɗaya sai ga shi a fim ɗin Tom Cruise cikin sulke yana kallon baƙo a wulaƙance. Mutum ɗaya, samurai iri biyu, kuma na farkon ne ya fi kusa da rayuwar mafi yawansu.

Wannan ne ainihin laifin da nake gani a irin waɗannan finafinai na Hollywood, fiye ma da batun launin fata. Sojan da ke durƙusawa a ƙarshen fim ɗin ɗan manomi ne. Kakanninsa ne suka ciyar da waɗannan mahaya na tsawon ƙarnuka, kuma abin da 'yan tawayen ke neman karewa ya haɗa da fifikonsu a kansa. Ba wai sabuwar gwamnati ta zame masa aljanna ba. Manoma sun yi bore a 1873 saboda dokar ɗaukar soja, harajin ƙasa kuma ya ci gaba da gallaza musu. Amma fim ɗin bai ba shi baki ya faɗi ko ɗaya daga ciki ba. An nuna ƙauyen samurai kowa na murmushi a gona, ba a nuna ranar karɓar haraji ba.

Abin da Shogun ya sauya, da abin da bai sauya ba

Shogun ya samo asali ne daga littafin James Clavell na 1975, wanda ya ginu a kan William Adams, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya isa Japan a jirgin 'yan Holan a 1600, shekarar da Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, ya yi nasara a yaƙin Sekigahara. Adams ya zama mai ba shi shawara, bai sake ganin Ingila ba har ya mutu a 1620. An taɓa mayar da littafin shirin talabijin a 1980, inda aka bar yawancin maganganun Japanawa babu fassara, don mai kallo ya zauna cikin duhu ɗaya da Baturen.

Na 2024 ya juya wannan. Kusan kashi 70 cikin 100 na maganganun da Japananci ne, da fassara a rubuce a ƙasa. Sanada, wanda ya fito a matsayin Toranaga, sarkin yankin da aka gina halinsa a kan Ieyasu, yana cikin furodusoshi, kuma ya kawo ƙwararru daga Japan don su kula da tufafi, zama, tafiya da riƙon takobi. Baturen ya koma ɗan dara a hannun Toranaga, ana motsa shi bai sani ba. Sanada da Anna Sawai duk sun samu Emmy a matsayin manyan taurari. Nan ma rikicin al'ada ya fi yin ma'ana, domin ba Gabas da Yamma kawai ba ne: Baturen Furotesta na gaba da Turawan Katolika 'yan Fotugal, a cikin Japanawa kuma akwai Kiristoci da waɗanda ba Kiristoci ba, kowa da lissafin kasuwancinsa.

Duk da haka masu kallo ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai masu cewa an cika nuna farke ciki da tafasa mutum da rai, kamar Japanawan da ba su da aiki sai neman dalilin mutuwa. Akwai masoyan littafin da ke ganin an rage wa Baturen armashi. Ni kuma abin da na lura shi ne har yanzu labarin fada ne. Talakan ƙauyen masunta yana nan a gefe, ana iya fille masa kai a kan abin da bai taka kara ya karya ba, labari ya ci gaba.

Maƙwabta na da nasu kallon

Ana yawan yin wannan muhawara kamar Amurka da Japan kaɗai ke duniya. Ga ɗan Koriya, samurai shi ne mayaƙin da Toyotomi Hideyoshi ya turo ya mamaye ƙasarsu daga 1592 zuwa 1598, aka kashe jama'a, aka kwashe masu sana'a zuwa Japan. Fim ɗin Koriya ta Kudu na 2014 a kan kwamandan ruwa Yi Sun-sin da yaƙin Myeongnyang na 1597 ya sayar da tikiti sama da miliyan 17, a ƙasar da ke da mutum kimanin miliyan 50. A cikinsa sulke da kwalkwalin da ake sha'awa a Hollywood kayan maƙiyi ne. Kuma runduna ta zamani da ta ci Saigo da yaƙi ita ce ta zo ta share fagen mallake Koriya a 1910, don haka a idon ɗan Koriya babu ɓangaren da ya cancanci hawaye a wancan fili.

Me wannan ke haifarwa ga mai kallo?

Ga mafi yawan mutane a wajen Japan, fim shi ne darasin tarihin Japan na farko kuma na ƙarshe. Wanda ya ɗauka cewa Japan ta ci gaba ne bayan ta yi watsi da al'adarta, ko kuma ta ci gaba ne saboda ruhin samurai, duk daga majigi ya samo, kuma da irin wannan fahimta ake kafa hujja idan ana gardamar zamani da gargajiya a wasu ƙasashe. Tarihin ya fi haka sarƙaƙiya: 'ya'yan ajin masu mulki ne suka soke gatan ajinsu da hannunsu, suka tura ɗalibai Turai da Amurka, suka riƙe Sarki da harshe da rubutunsu, manomi kuma ya biya kuɗin da harajin gonarsa.

A ɓangaren sana'a kuwa, sauyin a bayyane yake. Hujjar da ake kafawa a 2003, cewa masu kallo ba za su zauna karanta fassara ba kuma sai da tauraro Bature, ta yi rauni bayan Shogun, kuma hakan na buɗe ƙofa ga 'yan wasa da marubuta na wasu harsuna. Kamfanin FX, wanda ya fitar da Shogun, ya sanar a 2024 da shirin ci gaba da labarin, alhali abin da ke cikin littafin Clavell ya ƙare a zango na farko. Shekarun da suka biyo bayan 1600 su ne na haramta Kiristanci a 1614, da boren manoman Shimabara na 1637 zuwa 1638 wanda aka murƙushe da kisan dubban mutane, da korar 'yan Fotugal a 1639. Idan marubutan suka doshi wannan zamani, za su tarar da Toranaga da magadansa a ɓangaren masu murƙushewa, kuma masu kallon da suka ƙaunace shi a zango na farko za su sami sabon abin gardama.